Ranar da Inna Ta Riƙe Aska

Mahaifina mai aski ne. A layinmu ba wanda ke kiransa da sunansa na yanka, Baba Tsaf kowa ke cewa. In ya gama wa mutum aski ya kaɗe masa wuya da buroshi ya zare ƙyalle, sai ya ɗan ja da baya ya ƙare masa kallo ya ce, "Tsaf." Ita ce sallamarsa. In bai faɗa ba kada ka tashi, da sauran aiki.

Shagonsa ɗaki ne guda, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Kujera ɗaya ce mai juyawa, fatarta ta sha ɗinki, sai bencin masu jira da babban madubi wanda gefunansa suka yi baƙi-baƙi. A kan kantar shagon akwai kilifa biyu, almakashi, mataji, kwalbar sifirit, gwangwanin hoda, da askarsa mai ninkewa wadda ba ya barin kowa ya taɓa. A nan ya ciyar da mu, ni da Yayana. Yaya ya zama direban motar kamfani, ni kuma malamar firamare. Baba yana kirana Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ya ce har faɗan nata na gada. Ban musa ba.

Mutum ne mai surutu da tsayayyen hannu. Na sha ganin an kawo masa yaro yana ihu yana shure-shure, uba ya riƙe ƙafa, uwa ta riƙe hannu. Baba sai ya ce kowa ya sake shi. Ya ɗora tafinsa a tsakar kan yaron, ya nuna masa kilifa, ya kunna ta a kan hannunsa ya ji ba ta cizo, sannan ya riƙa gaya masa duk abin da zai yi kafin ya yi. Kafin a kai ƙeya yaron ya fara gyangyaɗi. Ban taɓa jin Baba ya ce yana tsoron wani abu ba, kuma mu ma mun yarda ba ya ji.

Abu ɗaya ne da shi wanda muka ɗauka hali ne kawai. Tun da ya koyi sana'a, ba wanda ya taɓa yi masa aski. Da kansa yake yi, a tsaye, da ƙaramin madubi a hannun hagu yana duba ƙeyarsa ta cikin babban. Kujerar da dubban mutane suka zauna, shi bai san ɗuminta ba.

Idonsa ya fara dushewa a hankali. Da farko ya ƙara ƙwan lantarki a shagon. Daga baya ya jawo kujerar bakin ƙofa, wai iska ta fi kaɗawa a nan. Samari masu son a fitar musu da layin goshi kamar an sa rula suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Aka bar shi da tsofaffi. Mai agogo, amininsa tun suna samari, shi ne ya fasa ƙwan.

"Tsaf, jiya matata ta tambaye ni ko da wani na yi faɗa. Ka ga ƙeyata kuwa?"

"Kanka ne a karkace tun asali, ni rufa maka asiri nake yi."

"To ka je a duba maka ido, ka ci gaba da rufa min asirin da kyau."

Nan aikina ya fara, don a gidanmu duk abin da ya shafi layi da taga da jira, ni ake turawa. Asibitin ido ɗaya ne ke ɗaukar jama'ar yankin gaba ɗaya. Akwai lambar waya da aka ce a kira a nemi rana, amma in ka kira ko dai ana magana, ko ta yi ta ringin har ta gaji ta yanke. Wanda yake so da gaske, ƙafarsa yake kaiwa. Zaure ne mai faɗi da kujerun roba a jere, fanka tana juyawa ba ta kai wa kowa, rabin mutanen da auduga a ido ɗaya. A ƙarshen zauren akwai taga mai gilashi da 'yar kafa a ƙasa, bayanta kuma wata mata mai tabarau wadda duk ranakun asibitin suke hannunta. Matar taga muke ce mata. Zuwana na farko na kusa cin mutuncinta, don na roƙi hedimasta izinin safiya guda, na tsaya har ƙafata ta yi tsami, ina isa ta ce ranakun watan sun ƙare. Na buɗe baki, sai na ga layin da ke bayana ya kai har waje, ita kuwa shayinta ya huce a gefe ba ta kurɓa ba. Na haɗiye abin da na ɗauko, na tambaye ta yaushe ya fi dacewa in dawo. Ta ɗago ta dube ni, ta gaya mini.

Da aka duba Baba, aka ce yana ce a ido biyu. Ta dama ta rufe, ta hagu tana biye. Sai an yi masa aiki, amma ba mai tsawo ba ne, in ji su, kuma ba a sa mutum barci. Idon kawai ake kashe wa zafi, ka kwanta a rufe maka fuska, ka yi lamo har a gama. Baba ya yi dariya ya ce wannan ai aski ne. Aka ba mu rana can gaba, sai da muka yi wata da watanni muna jira.

Ranar muka ɗunguma gaba ɗaya, ni da Inna da Yaya da matarsa da Goggo, ƙanwar Baba, wadda tun a mota take ba shi haƙuri kamar an yi rasuwa. Shi kuwa a barandar ɗakin aiki har ya sami wani mai gemu yana ba shi shawarar inda zai rage. Nas ta kira shi ta naɗa masa abin awon jini a dantse. Na'urar ta matse ta saki. Ta dubi lambar, ta gyara zama ta sake. Ta sake na uku a ɗaya hannun.

"Baba, jininka ya hau sosai. Ba za a taɓa idonka a haka ba."

"'Yata, ni ban ji komai ba. Ki duba na'urarki."

Yana faɗa yana murmushi. Amma ni ina tsaye a bayansa, na ga rigarsa ta jiƙe ta manne da gadon baya. Na kama hannunsa in taimaka masa ya tashi, na ji shi sanyi ƙalau, da danshi. Leɓɓansa sun bushe har suna mannewa in zai yi magana. Aka ce mu je ya ga likitan hawan jini, sannan mu nemi wata rana.

Likitan hawan jini bai sami abin kirki ba. Ya ce a riƙa auna shi a kemis na unguwa ana kai masa sakamako. Mai kemis ya auna shi safe da yamma har ya gaji, kullum jinin lafiya lau, ya fi nawa kyau. Baba ya samu abin faɗa. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya ji labarin lalatacciyar na'urar asibiti.

Na koma taga, na sake bin layi, na samo rana ta biyu, ita ma can da nisa. A nan Yaya ya kawo dabararsa. Ya ce tunanin ranar ne ke tayar wa Baba da jini, don haka kada a gaya masa. A ce masa maganin ɗigawa za a karɓo, in ya so kafin jikinsa ya farga an gama. Goggo ta ce wallahi basira ke nan. Na ce Baba ba yaro ba ne, kuma ko yaro shi ba ya yi masa haka a shagonsa. Yaya ya ce ni dai komai sai na yi gardama. Inna ta yi shiru, kuma a gidanmu ana lissafa shirunta a ɓangaren mai rinjaye.

Baba ya fito da makullin shago a aljihu, har ya ce wa wani tsoho ya jira shi a benci yanzu zai dawo. Sai da nas ta miƙo masa rigar ɗakin aiki sannan ya gane. Ya dubi rigar, ya juya ya dubi Yaya. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi fari haka ba. Ya nemi wuri ya zauna, jim kaɗan sai da aka nuna masa banɗaki. Da aka auna, jinin ya zarce na farko.

A mota magana ɗaya ya yi. "Ni za ku ja kamar rago?" Daga nan ya ɗauke wa Yaya wuta, ko gaisuwarsa da ƙyar yake amsawa.

Kafin mu bar asibitin a ranar, likitar da za ta yi aikin ta sa an kira mu ofishinta, ni da Baba da Inna. Mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan murmushi, amma tana kallon mutum in tana magana da shi. Ta fara da abin da ya fi ɗaci. Ta ce duk ranar da aka ware wa Baba aka fasa, wani ne ya rasa ta. In aka sake fasawa karo na uku, dole su tura shi babban asibiti inda ake sa barci, kuma jiran can ya fi shekara. Idon hagu ba zai jira shekara ba. Kowa a ɗakin ya san ma'anar wannan. Baba ya riga ya ninke askarsa ya ajiye, kilifa kawai yake iya bi da ita yana shafawa da yatsa. In hagun ya rufe, shagon ya rufe.

"Likita, ni fa ba matsoraci ba ne," in ji Baba.

"Ban ce kai matsoraci ba ne, Baba. Ɗaga hannunka."

Ya ɗaga.

"To yanzu ce wa zuciyarka ta rage gudu. Ce wa gumin nan ya koma."

Baba ya sauke hannunsa. Ta ce a jikin ɗan Adam akwai jijiyoyin da ke jin umarni, irin wanda ya ɗaga masa hannu, akwai kuma waɗanda ba sa neman izinin kowa. Su ke kula da bugun zuciya da gumi da yawu da hanji da faɗin hanyoyin jini, ko kana barci suna aiki. Su ma kashi biyu ne. Ɗaya in ya hango haɗari sai ya tayar da jiki, zuciya ta yi sauri, jini ya hau, baki ya bushe, tafin hannu ya yi sanyi. Ɗayan shi ke kwantar da komai in haɗarin ya wuce. Ta ce na farkon ba ya sauraron abin da baki ke faɗa, abin da rai ke ji yake bi, ko da mai ran bai amsa wa kansa ba.

"To yaya ake yi da su, tun da ba sa jin magana?" na tambaya.

Ta ce akwai ƙofa ɗaya da mutum ke da iko da ita, numfashi. In ka ja shi a hankali ka sake shi ya fi jan tsawo, mai kwantarwar yana samun ƙarfi. Ta ce za ta ba shi ƙwaya guda da safen ranar ta ɗan taimaka, amma ƙwaya ba za ta yi aikin duka ba. Kada a ƙara ɓoye masa komai, kada kuma a cika masa baranda da dangi. Sannan ta ce ya riƙa gwadawa a gida, ya kwanta ya rufe ido wani ya riƙe masa kai, har jikinsa ya saba da zama a hannun wani.

A hanyar fita Inna ta rage tafiya har Baba ya yi gaba, ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Hannun wani? Mutumin da tun da aka kawo ni gidansa ko furfura bai taɓa bari na cire masa ba."

Na koma taga neman rana ta uku. Matar taga ta gane ni tun daga nesa.

"'Yar mai aski, an sake fasawa?"

"An sake, Anti. Wannan ce ta ƙarshe."

Ta daɗe tana duba kwamfutarta. Ta ce akwai rana kusa amma da rana tsaka ce, zai yi ta zama a baranda yana kallon ana shiga da mutane ana fitowa da su. Akwai wata ta fi nisa kaɗan, amma shi ne na farko da safe, daga mota sai ɗaki. Ta ce in ita ce, ta biyun za ta ɗauka. Na ɗauka na yi mata godiya har sai da na bayana ya yi tsaki. Daga nan shago na wuce kai tsaye, na gaya wa Baba ranar a gaban mai agogo, don a samu shaida.

Inna ce ta yanke yadda za a yi gwajin. Inna mace ce da ko farcen jikokinta ba ta yankewa, tsoron kada ta haɗa da nama. Amma wata safiya da shago ba ya buɗewa, ta yafa mayafinta ta ce in ɗauko na'urar awon jinin da Yaya ya sayo ya aiko da ita a maimakon ban haƙuri, mu bi Baba shago. Ya ɗauka shara muka zo taya shi. Ta tura ƙofa ta rufe, ta nuna masa kujera.

"Malam, zauna. Yau ni zan yi maka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ga ba ta dariya, ya dube ni. Na ɗaga masa na'urar. Ya zauna a bakin kujerar kamar baƙo. Inna ta yafa masa ƙyalle, tana ɗaure shi a wuya gumi ya tsatso masa a goshi. Na auna. Lambar asibiti ce sak, a cikin shagonsa, babu nas, babu likita, babu lalatacciyar na'ura. Na karanta masa. Ya fizge ƙyallen ya tashi ya ce shi yana da abin yi.

Ban ji tausayinsa ba a lokacin, haushi na ji, don ni na san tsawon layin nan. Amma Inna ta ninke ƙyallen ta ce sati mai zuwa.

Sati na biyu ya bari ta riƙe masa kai kawai, idonsa a buɗe yana ta ba da labarin da ba wanda ya tambaye shi. Na uku ya bari ta kunna kilifa, amma hannunsa na kan nata yana tuƙa ta, bakinsa kuma bai huta ba. Ba haka ake riƙewa ba, ta kwantar da ita, daga ƙasa ake farawa. Jinin yana sauka kaɗan ya sake hawa. Rana kuwa tana matsowa, ni ina lissafin shekarar da za mu yi muna jiran babban asibiti, abinci ya daina yi mini daɗi.

Ana gobe aiki muka koma na ƙarshe. Inna ta bi kan da kilifa yadda ta iya. Sannan ta miƙa hannu kan kantar shagon ta ɗauko askar, ta buɗe. Ta shafa masa kumfa. Da ta kawo askar kusa da kunnensa, sai ga hannunta yana rawa, rawar da ko shi mai yana a ido sai da ya gani.

"Tsaya," in ji shi. "A haka za ki yanke min kunne. Ja numfashi. A'a, ba haka ba, a hankali. Yanzu sake shi, ki ja shi da tsawo yadda likitar nan ta ce."

Ta ja, ta saki. Ya ce ta ƙara, yana yi tare da ita don ya nuna mata. Suka yi ta yi su biyu, ni ina kan benci da na'ura a cinya. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar mai fenti yana jan gwangwanaye ta bayan bango. Can Baba ya yi magana, da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Kin san abin da ke damuna? Ba wuƙar ba ce. Na fi shekara ina yi wa mutane aski da lalube. Ba na ganin inda nake sa hannu. Amma muryata ba ta canza ba, ina ba su labari ina dariya, suna zaune sun saki jiki. To ita likitar nan da take magana da ƙarfin gwiwa, ta ina zan san ba irina ba ce? Ni na san abin da ke bayan irin wannan muryar."

Inna ta sauke askar. Ta zagayo gabansa ta tsaya tsakaninsa da madubi.

"Malam, kana ganin tsofaffin nan ba su sani ba? Suna da madubi a gidajensu, suna da mata masu baki. Tun ranar da ka jawo kujera bakin ƙofa suka sani. Mai agogo ya sani, mai fenti ya sani, tsohon da ka bari a benci ya sani, kuma sai da ya jira ka har azahar. Da saninsu suke zuwa su miƙa maka kai. Ba wanda ka ruɗa."

Sai na ga hawaye ya gangaro wa Baba ya yi hanya a cikin kumfar da ke kumatunsa. Ban taɓa ganin kukan mahaifina ba sai ranar, kuma na ji kamar in fita in ba shi wuri, amma ƙafata ta ƙi. Ya daɗe a haka. Sannan ya ja dogon numfashi ya sake shi, ya jingina bayansa sosai, ya ɗora ƙeyarsa a matashin kujerar, ya rufe ido.

"Tsoro nake ji," ya ce. "Yi aikinki."

Ta yi. Ta daɗe ƙwarai, ta ɗan yanke shi a wuri biyu ta danna sifirit, bai motsa ba, bai kuma gyara mata ko sau ɗaya ba. Da ta gama na naɗa masa na'urar. Lambar mai kemis ce ta fito.

Washegari mu biyu kawai muka raka shi. Yaya ya kawo mu ya tsaya a mota, Goggo kuwa an ce mata ta taimaka da addu'a daga gida. Baba ya sha ƙwayarsa, hularsa a kai. Nas ɗin nan ce dai. Ta auna, ta ɗan ɓata fuska, gabana ya faɗi.

"'Yata, na'urarki lafiyarta ƙalau," in ji Baba. "Tsoro nake ji. Ki ba ni ɗan lokaci."

Ta ce ya ɗauki duk lokacin da yake so. Ya rufe ido ya kama numfashinsa, Inna na gefe ta ɗora tafinta a bayan wuyansa. Da nas ta sake aunawa, sai ta miƙo masa rigar. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce wa likitar alfarma ɗaya yake nema, duk abin da za ta yi ta gaya masa kafin ta yi. Ta ce haka take aiki dama.

Ni ce jikina ya ɗauki rawa bayan an rufe ƙofar. Bakina ya bushe, tafin hannuna ya jiƙe, na je banɗaki ba dalili. Inna ta dube ni ta ce ashe abin na gado ne. Ba mu gama zama da kyau ba aka fito da shi, da auduga da filasta a idon dama, yana tambayar nas wa ke yi wa mijinta aski.

Da aka cire audugar washegari, ya yi ta ƙifta ido yana kallon bango, ya ce ashe fentin asibitin nan kore ne. Likita ta ce aiki ya yi kyau, na hagu kuma za a sa masa rana, amma ya huta tukuna, kada gashi ko ƙura su shiga idon. Ya ce ya ji. Muna fita ya ce wa Yaya ya bi ta shago, ba aiki zai yi ba, dubawa kawai. Ita ce doguwar magana ta farko da ya yi masa tun ranar rigar, kuma Yaya har ya kusa wuce kwanar don murna.

Ya buɗe shagon ya tsaya a tsakiya yana kallon kayansa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya matsa gaban madubi ya cire hula.

Ni kaina sai a lokacin na ƙare wa aikin Inna kallo a cikin haske. Wani wuri ta kankare har yana sheƙi, wani wuri ta bar tsibiri-tsibiri. Bayan kunnen hagu akwai tuntu guda da ta tsallake gaba ɗaya, ga yanka biyu sun yi ɓawo, gashin baki kuma ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ko ɗan koyo ya yi wannan a shagon Baba, ranar zai koma gidansu. Kuma kowa ya san mai aski da kansa ake fara auna shi.

Baba ya ɗauki ƙaramin madubi ya duba ƙeya. Ya juya dama, ya juya hagu. Hannunsa ya kai kan kilifa ya tsaya a can.

Inna ta rufe fuska da gefen mayafi. "Malam, don Allah mayar da hular nan kafin mutane su gani. In ka warke ka gyara abinka."

Ya janye hannunsa daga kan kilifar. Ya rataye hular a ƙusa.

"Ba abin da zan gyara. In ya tsiro ke za ki sake yi."

Ya jawo bencin masu jira ya fitar da shi ƙofar shago, inda duk mai wucewa zai gan shi, ya zauna da kansa a buɗe, ya matsa gefe ya bar mata wuri.